Ƙwallon Barau Bayan Annoba

A wani zamani, a wani gari, annoba ta sauka, aka hana yara wasa a waje har damina biyu. Ran da mai shela ya zaga yana cewa cuta ta wuce, wani yaro mai suna Barau ya ɗauki ƙwallonsa ya ruga fili.

Ya tarar ciyawa ta kai masa ƙugu. Ya aro lauje ya yi ta yanka, ya jira, ba wanda ya zo. Kashegari ya sake yanka, ya jira, ba wanda ya zo, don iyaye sun riga sun saba da tsoro.

Rana ta uku ya hangi wani yaro, Nomau, tsaye can nesa, duk ya rame. Nomau ya yi jinyar cutar ya tashi, amma yayansa bai tashi ba. Tun daga nan kowa ke kauce masa a hanya.

Barau ya rungume ƙwallonsa.

"Kallo kawai na zo yi," in ji Nomau. "Ba zan taɓa ba."

"Likita ya ce ka warke?"

"Tun bara."

Sai Barau ya ajiye ƙwallon, ya tura masa da ƙafa.

"Na manta yadda ake yi," in ji Nomau, yana share hawaye.

"Ni ma. Buga dai."

Nomau ya buga, ƙwallon ta karkace ta yi nisa, su biyu suka bi ta da gudu.