Jar Robar Shataletale

Tun numfashinta bai dawo ba aka kama wuyan hannunta aka ɗaga sama a gaban jama'a. Tsinke ce, marainiya 'yar shekara goma sha tara, wadda ta gama gudun kilomita ashirin da ɗaya yanzun nan, ta kuma riga duk matan ƙungiyar taka layi. Gumi na shiga mata ido, amma ko kurɓin ruwa ba wanda ya miƙo mata. Baffanta, ƙanen mahaifinta, wanda shi ne kocin ƙungiyar, ya riƙe hannun yana jujjuya shi kamar mai tayin kaza a kasuwa.

"Jama'a ku taya ni duba," in ji shi. "Ina robar?"

Ga yadda al'adar 'yan gudun unguwar take. Tserensu zuwa da dawowa ne, daga filin makaranta a miƙe titi har shataletale, a zagayo a dawo. A shataletalen ake ajiye mutum ɗaya da jaka cike da jajayen robobi, duk wanda ya iso a zura masa ɗaya a hannu, ita ce shaidar ya kai ƙarshe bai yanke ba. Wanda ya dawo babu roba kuwa ya yi satar hanya, hukuncinsa kora daga ƙungiya har abada. A wannan rana, da za a fitar da mace ɗaya tak da za ta wakilci ƙungiya a babban tseren titi na shekara, wa Baffa ya ajiye a shataletale? Matarsa! Wa ta zo ta biyu da roba jawur a hannu? 'Yarsa, wadda kowa ke kira 'Yar Lele.

"Baffa, wallahi na kai," Tsinke ta ce. "Na tsaya gaban Inna na miƙa hannu, ta ce sun ƙare, in wuce ta gan ni."

Inna, matar Baffa, wadda aka dawo da ita a bayan babur, ta dafe ƙirji ta yi salati. "Ni? Yarinyar nan ki ji tsoron Allah. Rabon da in sa ki a ido tun safe da kika fita daga gida." Ta zazzage jakar a ƙasa, sai ga robobi fal.

Wayyo maraici... Mutanen da suka yi shekaru suna fita atisaye da ita kowace safiya, waɗanda ta sha rage gudu don ta jira su a kan tudu, ba wanda ya buɗe baki. Wasu suka sunkuyar da kai suna gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Abin da ya fi ƙona rai shi ne, wannan ƙungiya mahaifinta ne ya kafa ta da mutum biyar, shi ya auna titin nan da ƙafarsa, shi ya ƙirƙiro ba da robar don kada a zalunci mai gaskiya. Yau ga shi da ita aka yanka 'yarsa. Shugaban ƙungiya, wani dattijo tsohon ma'aikacin gidan waya, ya ce a dakatar da ita mako biyu kafin kwamiti ya zauna ya tabbatar da korar.

A gida kuwa sai abin ya zama ga mari ga tsinka jaka. Inna ta tara mata rigunan ƙungiya arba'in masu warin gumi ta ce ta wanke, tunda dai ƙafa ta iya sata to hannu ya koyi aiki. Takalmin gudunta guda ɗaya tilo, Baffa ya ɗauke ya kulle a akwati, wai kayan ƙungiya ne. A shagon ɗinkin da take yi wa saka maɓalli, da ta shigo sai 'yan mata su fara tambayar juna ko akwai wanda ya san gajeriyar hanyar zuwa kasuwa, su kwashe da dariya. Ita dai sai ta sunkuya kan allurarta, hawaye na ɗiga a kan yadin mutane tana gogewa da sauri kada ya yi tabo.

Ba ta rama ba, ba ta zagi kowa ba. In ta idar da salla takan daɗe da hannu a sama tana cewa, "Ya Allah, Kai ne ka gan ni a wurin nan. Ba ni da uba, ba ni da shaida, Kai kaɗai gare ni."

Ana saura kwana uku kwamiti ya zauna ta je gidan Shugaba, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, ban zo neman a tausaya mini ba. A bar ni in sake gudun nan ni kaɗai, a bi ni a baya a gani. In ban kai ba ku kore ni, na yafe."

Dattijon ya dube ta ya ce, "'Yata, kin san kwana goma sha ɗaya ba ki yi atisaye ba?"

"Na sani, Baba."

"To, ranar Lahadi. Komai a mayar da shi yadda yake, har mai ba da roba."

Baffa da ya ji, faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Ya yarda, amma da sharaɗin sai ta maimaita lokacinta na farko, awa ɗaya da minti talatin da biyu, in ta gaza to ta tabbata wancan na sata ne. Ko wanda ya fara gudu jiya ya san wannan sharaɗi zalunci ne, don gudu cikin tsere daban, gudun mutum shi kaɗai daban. Takalmin ma bai fito da shi ba. Wani tsohon kambas na 'Yar Lele aka jefo mata, wanda ya matse ta a yatsu.

Da safiyar Lahadi aka busa usur ta fita, Shugaba na biye da ita a babur. Kafin kilomita bakwai yatsunta sun yi bororo, kafin tara sun fashe. Ta wuce gidan mai, ta haye gada, ta hango shataletale, ga Inna tsaye da jaka tana wani murmushi da bai kai ciki ba. Tsinke ta miƙa hannu, Inna ta zura mata robar har da cewa sannu 'yar nan, don Shugaba ya ji.

Sai wata murya ta fito daga rumfar da ke gefen titi. Wani mai faci ne, zaune kan tsohuwar taya yana tsoma tib a cikin ruwa, bai san hawa ba bai san sauka ba.

"A'a, 'yar siririya, yau dai an ba ki ke nan. Ran nan ai kin sha tsayuwa."

Tsinke ta ji ƙarar babur ta mutu a bayanta. Zuciyarta ta ce ta tsaya ta ji, amma agogo ba ya jiran kowa. Ta cije leɓe ta juya, ta kamo hanyar dawowa ita kaɗai, babu mai rakiya, jini na jiƙa mata kambas.

Da ta taka layi ta zube a ƙasa. Baffa ya danna agogo, ya ɗaga shi sama fuskarsa fal fara'a, ka ce albishir zai yi. "Awa ɗaya da minti talatin da tara. Minti bakwai cur ta ƙara. Jama'a, kun dai gani da idonku, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya." Mutumin nan 'yar ɗan'uwansa ce kwance a gabansa ƙafa na jini, shi kuwa murnarsa yake yi! Tsinke ta kifa fuska a ƙasa ta fashe da kuka mai cin rai, don ta ga ta ba da duk abin da take da shi, kuma bai isa ba...

Ana cikin haka babur ya shigo fili. Shugaba ne, a bayansa ga mai faci da baƙin mai a hannu. Inna na biye a wani babur ɗin, fuska ta yi fari fat.

"Malam, maimaita musu abin da ka gaya mini," in ji Shugaba.

Mai faci ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, ni fa ban san rigima ake ba. Ran nan ina buɗe rumfa wannan yarinyar ta iso ita ta farko, ta tsaya tana dire-dire da hannu a miƙe. Baiwar Allahn nan ta maida jaka bayanta ta ce sun ƙare. Yarinya na juyawa, sai ta tattare zane ta bi bayanta har gada, can ta tari wata ta zura mata, waccan ta juya daga nan ba ta ƙaraso ba. Har na ce wa maƙwabcina mai walda, ashe abin ma 'yar gida ake yi. Shi ma yana nan, a tambaye shi."

"Za ka gane wadda ta juya a gada?" in ji Shugaba.

Kafin ya ɗaga yatsa 'Yar Lele ta durƙushe ta rushe da kuka. "Ni na ce ba na so. Babana ne ya ce in ban karɓa ba ba shi ba ni."

Baffa ya sunkuyar da kai. Inna ta ja gyale ta rufe fuska, kamar gyale na rufe abin kunya. Shugaba ya tako a hankali ya miƙa hannu, ya karɓi agogo, ya zare usur daga wuyan Baffa a gaban yaran da ya shekara goma yana yi wa tsawa. Ya ce daga yau Baffa da matarsa kada ƙafarsu ta sake taka filin nan, hukuncin da suka haƙa wa marainiya shi za su kwanta a ciki. Wanda ya gina ramin mugunta da zurfi ai shi ya san yadda zai fito.

Sannan dattijon ya durƙusa da tsufansa, ya kwance mata kambas ɗin da hannunsa, ya ga yadda yatsun suka yi, idonsa ya ciko. "Ki yafe mana, 'yata. Mun san ubanki, mun san ki, amma muka yi shiru. Ke za ki wakilce mu." Wata malamar asibiti da ke gudu da su ta share hawaye ta ce gidan Baffa kuma Tsinke ta bar shi ke nan, akwai ɗaki a wurinta.

Haƙuri ɗaci gare shi, amma wanda ya iya haɗiye shi ba ya tashi a banza. Bayan mako guda, da yatsu suka warke, Tsinke ta iso fili da sassafe, ta nufi can ƙarshen layi don kada ta haɗa ido da kowa. Sai ta ga layin ya dare biyu, maza da mata sun ja gefe, an bar mata hanya har gaba.

"Wuce," in ji wani daga cikin waɗanda suka sunkuyar da kai ran nan, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ke za ki ja mu."

Ta goge ido da bayan hannu. Sannan ta wuce gaba ta ɗaga ƙafa, mutum arba'in suka biyo bayanta.