Fidar Ɗan Lele a Sararin Sama

"Ba ni shi, kada ki kayar min da shi!"

Kafin Amarya ta gama gyara wa Ɗan Lele hularsa, surukarta ta riga ta karɓe shi. A ɗakin jiran jirgi suke, mutane sai kallonsu suke yi.

"Mama, hular ce ta rufe masa ido..."

"Na gani. Kuma sau nawa zan ce ki riƙa cire tabaran nan in za ki matso kusa da shi? Tsoro yake ba shi!"

Amarya ta sunkuyar da kai, ta cire. Nan take duniya ta zame mata dishi-dishi.

Ba ita ta haifi Ɗan Lele ba. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, Mama ce ta raine shi tun yana cikin tsumma. Lokacin da Amarya ta ce Injiniya, baban yaron, take so, yayyenta sun yi mata ca, suna cewa me za ta yi da mai ɗa, ita da ba ta san komai ba sai jera littattafai a ɗakin karatu. Ta dage. Bayan aure aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa, ya bar ta wajen mahaifiyarsa. Watanni ke nan, aikinta wanke fida da shanya ƴan riguna. Ko sau ɗaya ba a bar ta ta ba yaron madara ba.

Wayarta ta yi ƙara, Injiniya ne. Ta koma gefe da sauri.

"Hasken idona, kun kusa shiga?"

"Mun kusa..." Ta waiga ta kalli Mama. "Ta sake faɗa. Wai kawo maka shi kawai za ta yi ka gan shi, sannan su koma tare."



"Kin san ba zan iya ƙwace shi daga hannunta ba. Ita ta kwana da shi lokacin da ni ko kallonsa ba na iya yi. Sai in ita ta ba mu da kanta."

"In kuma ba ta bayar ba?"

"To za mu zauna ni da ke, rabin zuciyata tana wani waje. Ki yi mana addu'a, masoyiyata."

Aka kira fasinjoji.

Mama ba ta taɓa hawa jirgi ba. Tun suna bin layi take salati. Da suka zauna, ta ciro ƙwayar hana jiri da likita ya ba ta, ta juya ta a tafin hannu, ta taɓe baki.

"Wannan ƴar mitsitsiyar ce za ta riƙe mace kamata?"

"Mama, ɗaya ya ce."

"Shi ya san jikina ko ni?" Ta haɗiye biyu.

Ita ta ba Ɗan Lele madara lokacin tashin jirgi, tana masa kirari, "Sha, maigidana, sha ka ƙoshi!" Ya yi barci, aka kwantar da shi a ɗan gadon da ma'aikaciyar jirgi ta maƙala a bangon gabansu. Ba a jima ba kan Mama ya langaɓe jikin taga, minshari ya fara.

Tafiya ta miƙa. Aka kawo abinci, aka kwashe. Sai can Ɗan Lele ya motsa, ya buɗe ido, ya nemi fuskar da ya sani bai gani ba.

Ya tsala ihu!

"Mama... Mama, ya tashi!"

"Uhm... a rufe ƙofar..." in ji Mama, ta ƙara gyara kwanciya.

Amarya ta miƙe. Ta jefa tabaranta cikin jaka kamar yadda ta saba, ta ɗauke shi. Famfas ɗinsa ya cika fam. Ta lallaɓa da shi banɗaki, wurin da ko juyawa mutum ba ya iya yi, ta sauke ɗan teburin bango, hannu ɗaya a cikinsa, ɗaya yana laluben tsumman goge jiki. Yana harbin iska, jirgi yana girgiza, gwiwarta tana bugun ƙofa. Da ƙyar ta gama.

Ma'aikaciyar jirgi ta kawo mata ruwan ɗumi. Amarya ta auna garin madara cikin sabuwar fida, ta girgiza, ta taɓa jikin fidar a kumatunta ta ji ba zafi. Ta sa masa a baki.

Ya kama da sauri. Ya tsotsa, ya tsotsa... sai ya ture ta, ya ƙara ƙwalla ƙara fiye da ta farko.

"Haba ɗan albarka, sha mana..."

Ta sake ba shi. Ya sake kamawa, ya sake turewa, fuskarsa ta yi jawur. Ta gwada riƙon Mama. Ta gwada kirarin Mama, har da "maigidana". A banza.

Wani daga baya ya ja tsaki. "Wai ina uwar yaron nan ne?"

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ashe gaskiyar Mama ce. Ashe yaro ya san hannun da ba nasa ba, ko yunwa za ta kashe shi ba zai sha daga wajenta ba. Hawaye suka ɓalle mata.

Wata dattijuwa da ke kujerar tsallaken hanya ta leƙo. "Ƴata, ɗan fari ne?"

"Eh... a'a... ɗan mijina ne."

"To, ai naki ne. Share hawayenki, ki dubi abin da kike yi da kyau."

Ta duba? Da wane ido? Amarya ta kalli Mama, tana ta barcinta. Ta ciro tabaran, ta maƙala.

Ta ɗaga fidar. Madara tana nan cike, ko ɗigo bai ragu ba. Ta kifa ta a bayan hannunta. Babu abin da ya fito!

Da sauri ta kwance murfin. Ga shi nan, ɗan faifan roba fari da ake toshe bakin fida da shi don kada ta zuba a jaka. Ita da kanta ta sa shi da safe, saboda tsoron kada Mama ta ce ta jiƙa kaya. Duk wannan lokacin iska yaron yake tsotsa!

"Wayyo ɗana, ka yafe min!"

Ta cire faifan, ta ɗiga madarar a hannunta, ta sa masa. Ya kama. Sai ta ji ƙut... ƙut... ƙut... Kukan ya yanke kamar an kashe rediyo.

Yana sha yana kallonta. Karo na farko ke nan da take ganin fuskarsa kusa haka tar: gashin idonsa jiƙe da hawaye, da ɗan tabo a haɓa irin na babansa sak. Ya ɗaga hannu ya cafki ƙafar tabaran. Bai tsorata ba. Sai ma ya saki fidar ya ɓangale baki, madara tana bin kumatunsa.

"Allahu akbar, ya yi miki dariya!" in ji dattijuwar.

Daga nan tafiyar ta zama tasu su biyu. Ta saɓa shi a kafaɗa har ya yi gyatsa mai ƙarfi, mai tsakin nan na baya ma sai da ya yi dariya. Ta zaga da shi tsakanin kujeru tana raɗa masa labarin babansa. Ta sake canja masa famfas, ta sake ba shi madara. Kafaɗarta ta yi tsami, rigarta duk tumbiɗi, amma ji take kamar ita ke ɗauke da jirgin.

Sai da aka sanar da shirin sauka Mama ta farka firgigit.

"Innalillahi! Ina yaron? Bai sha komai ba!"

"Ya sha har sau biyu, baiwar Allah," in ji dattijuwar. "Kina barci ƴarki tana fama. Wallahi kin yi dacen suruka."

Mama ta dubi jikanta kwance a ƙirjin Amarya, yatsunsa sarƙe da tabaran. Ta miƙa hannu. Ɗan Lele ya yi mata murmushi, amma ya ƙara lafewa inda yake.

Jirgi ya fara gangarawa, yaron ya soma murza kunne yana ƙananan kuka. Amarya ta miƙa wa Mama fidar da hannu biyu.

Mama ta daɗe tana kallon fidar. Idanunta suka kawo ruwa.

"Ranar da aka miƙo min shi, na yi alkawari ba zai taɓa kukan maraici ba," ta faɗa a hankali. "Tsoro nake ji, ƴar nan. Ba ƙinki nake yi ba." Ta tura fidar baya. "Ba shi, kada kunnen ya dame shi."

A bakin ƙofar fita Injiniya yana jira, ya kasa tsayuwa waje ɗaya. Yana hango su ya taho da gudu, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, sannan ya ɗago ya dubi matarsa. Ɗankwalinta ya karkace, idanunta sun kumbura, ɗansa yana maƙale a wuyanta.

"Hasken idona..."

Ya karɓi yaron yana sumbatar kansa. Ɗan Lele ya ƙare wa wannan baƙon mai gemu kallo, ya taɓe baki, ya fashe da kuka. Injiniya ya rikice, ya juya wajen Mama zai miƙa mata.

Mama ta mayar da hannayenta baya.

"Ni kake miƙo wa? Ga uwarsa nan tsaye!"