Tafin Hannu a Kan Tagulla

Saura awa biyu a buɗe baje kolin zane-zane na birnin Rotterdam, Marit ta tsaya gaban farantin tagullarta tana kallon fuskarta a ciki.

Bai kamata ta ga fuskarta ba.

Shekara huɗu ke nan, ana saura mako guda mahaifinta ya rasu, ya ɗora tafin hannunsa a kan farantin nan a maƙerarsa. Gishirin guminsa ya yi ta cin tagullar a hankali har hannun ya fito, baƙi-baƙi, yatsu biyar. Shi ne aikin da za ta nuna yau. Fitila ɗaya kawai ta ƙara masa.

Yanzu farantin sai sheƙi yake yi.

"Wa ya taɓa?"

Saurayinta Jelle na tsaye a bayanta, da safar hannu shuɗiya da tsumma. A ɗakin gwajin kimiyya yake aiki, inda ba a barin ko ɗigon maiƙon yatsa a jikin ƙarfe. Zuwa ya yi ya haɗa mata fitila.

"Ni ne, masoyiyata. Saskia ta ce masu ɗauko kaya sun ɓata shi, in taimaka in goge."

Saskia ce mai kula da zauren, ita ce kuma budurwarsa ta dā. Da hannunta ta rubuta bayanin aikin. Ta san ko hannun wa ne.

"Hannun babana ne," in ji Marit.

Tsumman ya faɗi ƙasa.

"Marit... ba ki taɓa nuna min ba."

Gaskiya ne. A gidan mahaifiyarta ta ɓoye farantin, ba ta taɓa yi masa zancensa ba.

Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ta kashe fitilar, ta hau kekenta cikin ruwan sama.

A gida, mahaifiyarta ta zuba mata kofi, ta tura mata biskit ɗaya.

"Ai na gaya miki. Mutumin da ke goge cokalin gidana kafin ya sha miya, me zai bari?"

"Mama, bai sani ba."

"To ki aure shi, wata rana ya goge ki."

Marit ta shanye kofin. Ba ta ji zafinsa ba. Mako uku tana ci, tana barci, tana ganin kiran Jelle tana kifa wayar. Ranar Talata saƙo ya shigo: "Farantin na wurina. Ki zo da tsakar rana. Ba sai kin yi min magana ba."

Ta je.

Ya rame, gemu ya fito masa. Farantin na kan tebur, an maƙala masa wayoyi biyu.

"Gumi ba saman tagulla kawai yake ɓatawa ba," ya ce, bai kalle ta ba. "Ciki yake shiga. Na gwada da faranti goma sha bakwai kafin in taɓa wannan."

Ya kunna lantarki, ya yayyafa wani baƙin gari mai laushi, ya karkata farantin. Garin ya zube, amma ya maƙale inda gumin ya ci.

Ɗan yatsan mahaifinta ne ya fara fitowa, wanda guduma ta lanƙwasa tun kafin a haife ta. Sai sauran. Sai tafin.

Marit ta daɗe tana kallo.

"Wannan fa?" Ta nuna wani babban yatsa shi kaɗai a gefe.

"Nawa ne. Da kika tafi na cire safar na riƙe shi, ban san na yi ba. Zan iya cirewa, bai yi zurfi ba tukuna."

"Kai dai da goge-goge."

"Marit..."

"Bar shi."

Ta miƙa hannu ta kashe lantarkin, ta kai yatsanta kusa da shatin nasa a kan tagullar.

"Ba ki sa safa ba," ya ce a hankali.

"Na sani."

Ta danna. Tagullar na da sanyi, sanyin ya bi hannunta har kafaɗa. Shi ne abu na farko da ta ji cikin mako uku.

"Shekara nawa zai yi kafin ya fito?"

"Uku. Ko huɗu."

"To kana nan har ya fito," ta ce. "Kuma ranar Lahadi za ka sha miyar Mama da cokalinta yadda yake."