Masu Filin Bayan Gidan Eleuterio

Rana na shirin faɗuwa a tsibirin Chiloé lokacin da Eleuterio Cárcamo ya dawo da tumakinsa, ya tarar laimar kwaɗi ta sake tsirowa a makiyayar bayan gida. Kowace shekara takan fito a zagaye, kamar an auna ta da igiya, kuma zagayen kullum ƙara faɗi yake yi. Bana gefensa ya kusa taɓa bango. Marigayiya mahaifiyarsa ba ta taɓa bari a taka wurin ba. Shi kuwa ya ɗauko fartanya ya nome ta kakaf.

Shi da 'yarsa Orfelina suna cikin cin dankali sai dutse ya faɗo kan rufi. Wani ya biyo baya. Karnuka suka yi tsit. Orfelina ta ajiye cokali, ta miƙe ta fara zagaya murhu, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Ya riƙe ta, ta watsar da shi kamar tsumma. Haka ta yi ta zagaye har tafin ƙafarta ya fashe.

Washegari ya ɗauko Clorinda Millalonco, tsohuwa mai magani. Ta turara ganye, ta tare gaban yarinyar.

"Su wane ne ku?"

Muryar da ta amsa daga bakin yarinyar ta tsoho ce, a dishe. "Masu filin ne. A nan muke rawa tun kafin kakansa ya kafa ginshiƙi. Shi kuma ya nome mana wurin rawa, sai mu yi a jikinta."

"Ga baƙar tunkiya, ku saki yarinyar," in ji Clorinda.

"Ba yunwa muke ji ba, Clorinda. Mun yi yawa ne. Gidan nan ya tare mana hanya."

"A nan aka haife ni," in ji Eleuterio.

"Ɗana," in ji tsohuwar, "katako kake so, ko 'yarka?"

Ya dubi jinin da ke daɓen. Ya ce zai tashi. Nan take Orfelina ta zube a ƙasa, tana kiran babanta da muryarta.

Maƙwabta suka zo da shanun huɗa, aka ɗora gidan, da yake na katako ne, kan gungume, aka ja shi zuwa bakin teku. Babu wanda ya yi waƙar da aka saba yi in ana jan gida. Orfelina na tafe a gefensa, ƙafafunta a naɗe, sai ta kama hannunsa.

"Baba, kar ka waiwaya. Sun fara."