Kunnen da Ya Rage Mata

Auta tana tsaye a falo jikin taga, hankalinta kaf yana bakin get. Tun wani mari da mijinta ya sharara mata bara, kunnenta na hagu ya daina aiki, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Na daman da ya rage ta ware shi don motarsa, domin daga yadda yake taka birki take gane ko yau za a kwana lafiya.

Abin haushin, tana sonsa. Injiniya, mijin nata, gwani ne wajen lallashi. In ya huce sai ya durƙusa yana "sori, bebi", ya sayo turare, ita kuwa ta narke. Da ta taɓa zuwa gida da kumburarren ido, Mama da kanta ta rako ta, wai kowace mace da haƙuri ta zauna.

Ran nan da yamma Mama ta zo ganin jikarta. Ta yi sallama ta ƙofar kicin har ta gaji, ta shigo tana mita. Sai ta ji wani ɗan facal-facal daga banɗaki. Jaririyar ce ta rarrafa ta kifa cikin bokitin wanki, ƙafafu a sama.

Mama ta fizgo ta, ta yi ta bubbuga bayanta har ta amayo ruwa ta tsala kuka. Sai a lokacin Auta ta juyo a gigice.

"Ke wace irin uwa ce? Kina nan tsaye, ba ki ji ba?"

"Ta wannan gefen ba na ji, Mama. Shi ne ya..."

Kunya da nadama suka rufe Mama, ta ce wa Auta maza ta ɗauko mayafi su tafi.

Sai ga ƙarar birki a waje, mai tsawo, mai kaifi. Auta ko kallon 'yarta ba ta yi ba. Tsumma ta wawuro ta durƙusa tana goge tayil.

"Bari in share tukuna, ba ya son ganin ruwa a ƙasa."

Mama ta fashe da kuka. Yau ta gane haƙurin da ke cinye mutum gaɓa-gaɓa ba ya gyara aure, har 'ya'ya yake haɗawa. Ta saɓa jikarta a kafaɗa, ta zagayo ta damar 'yarta, ta damƙe wuyan hannunta.

"Ni na kawo ki, ni zan fita da ke. Tashi."

Makulli ya fara juyawa a ƙofa.