Yatsun da Kwamfuta Ta Daina Ganewa

Da hantsi ta shigo shagon, rungume da kwamfutarta kamar mai jinyar jariri. Mai gyaran ya ɗago kai, sukurun da ke hannunsa ya faɗi bai sani ba.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ta daina gane yatsana, ga aikin kammala digirina a ciki."

"Ki sa kalmar sirri mana."

"Shekara biyu da yatsa nake buɗewa. Na manta ta."

"Ku 'yan jami'a kenan, ku haddace littafi guda, harafi takwas ya gagare ku."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba.

Ya goge wurin ɗora yatsa da auduga, ta gwada sau uku, kwamfutar ta ƙi. Ya sa aka turo mata lambar tabbatarwa ta waya, suka sake kalmar sirri, allo ya buɗe. Sai ya ce ta yi rajistar wani yatsan. A nan ta fito da hannayenta duka daga mayafi. Fata a saɓule, ja, sumul kamar an goge da dutse. Ta ɗora na ɗaya, na biyu, har na goma. Babu wanda na'urar ta karanta.

"A gidan wankin wani otal nake aiki," ta ce a hankali. "Bilic ne, sinadarin wanki. Ba sa ba mu safar hannu."

Safar hannu! Abin da bai kai kuɗin farantin abinci ɗaya a otal ɗin ba. Amma mu, da an cuci talaka sai mu ce ƙaddara ce, mu wuce.

Daga ranar ya sami dalilin kiranta kullum.

"Ɗalibata, kin shafa maganin hannun? Idan kin manta sabuwar kalmar sirrin, ina nan. Idan ba ki manta ba ma ina nan."

"Injiniyana, na shafa. Ka daina ba ni dariya a aji, malami yana harara ta."

Bayan wata shida, ya kai ta gaida mahaifiyarsa. Yarinyar ta durƙusa, ta miƙa hannu za ta karɓi kofin ruwa. Mama ta ga hannun. Ta ajiye kofin a ƙasa. Da suka tafi ta sa aka jefar da shi. Da ya dawo ta tare shi.

"Ba za ka kawo mini cuta cikin zuri'a ba. Ga 'yar ƙanwata nan, lafiyayya."

"Mama, ba cuta ba ce, ƙuna ce! Likita ya rubuta."

"Takarda? Ni idona ya gani."

Maganar kofin ta koma kunnen yarinyar ta bakin 'yar ƙanwar. Saƙon yarinyar ya same shi yana tsakar aiki:

"Injiniya, ka bi maganar Mama. Na'ura ma ta ƙi hannuna, ba zan ga laifin mutum ba. Ka yafe mini."

Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka. Ya rame, ya dinga ɓata aikin mutane. Mama ta ga ɗanta yana ƙarewa a tsaye, ta yafa mayafi ta nufi gidan wankin, da niyyar ta ja wa yarinyar kunne ta fita harkarsa har abada.

Ƙanwarsa da ta raka Mama, ita ta ba shi labari. Ɗaki ne a bayan otal, babu taga, warin bilic yana yanka maƙogwaro. Mata goma sha ɗaya a sunkuye kan bahuna, wasu sa'o'in Mama. Duk hannu iri ɗaya. Mama ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu. Yarinyar ta taso tana ɓoye hannu a baya.

"Mama, ai na rabu da shi. Ki yi haƙuri."

"Kawo hannun nan, 'yar nan."

Ta riƙe shi da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, ta fashe da kuka.

An ɗaura aure bayan jarrabawarta. Likita ya ce zanen yatsun wataƙila ya dawo, wataƙila ya tafi kenan. Ango ya rubuta ƙorafi har sau huɗu, otal ɗin bai amsa ko ɗaya ba.

Ranar bikin matan gidan wankin suka zo, suka raɓe a can ƙarshen rumfa, kowace ta cusa hannu cikin mayafi. Mama ta tsallake manyan baƙi ta je wurinsu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana musabaha. Sannan ta kamo amarya ta damƙa wa ɗanta.

"Ga ta nan. Hannun nan ya sha wuya, kada in ji ka ƙara masa. Allah ya yi muku albarka."

Matan suka amsa da amin, suka tashi da wuri. Da azahar za su koma bakin aiki.