Ɗakin da Musbahu Ya Buɗe

A unguwar Muraqqabat, nan ƙasar Larabawa, ana cewa boko ne ya haukata Musbahu. Ni da na tsufa ina koyarwa ban taɓa ganin littafi ya kwance wa mutum kai ba, shi ya sa na bi sawu.

Musbahu Bakano ne, yana karatun gudanar da otal da gidan caca a wata ƙaramar kwaleji, don an ce za a buɗe irinsu a wata masarauta kusa. Gado ɗaya yake haya a Hor Al Anz, cikin mutanen da ba sa jin Hausa. Matarsa Ramlat tana Kano, albashinsa bai kai a ba ta biza ba. Sai ya yini bakinsa bai motsa ba.

Aka kwatanta masa wani boka a bayan siton kayan mota a Ras Al Khor. Ɗakin ba taga. Ga ƙwarya cike da baƙin ruwa, ga ƙahon rago naɗe da jan ƙyalle, warin turare ya cakuɗe da na baƙin mai.

"Otal kake so, samari?"

"Matata nake so ta zo, Baba. Nawa zan ba da?"

Boka ya yi dariya. "Riƙe abinka. Baƙo gare ni. In otal ya samu, ka ba shi ɗaki ɗaya, a gyara gado kullum, kada ɗan Adam ya kwana ciki."

"Shi ke nan?"

"Khalas, shi ke nan."

A aji an koya masa cewa gidan caca ba ya faɗuwa, wanda ya ci ma aro aka ba shi. Ya haddace don jarrabawa kawai.

Kafin ya gama kwaleji wani attajiri ya damƙa masa otal a bakin teku. Baƙi kamar ƙasa. Ramlat ta iso tare da mahaifiyarsa. Kullum da safe Fuseina, 'yar Gana mai gyaran ɗakuna, takan tarar da gadon ɗakin da aka ware a yamutse, da sauran ɗumi.

Lokacin sanyi otal ya cika maƙil. An kuma koya masa cewa ɗaki a rufe asara ne. Ya ba baƙi ɓangaren iyalinsa, ya kai matarsa da mahaifiyarsa ɗakin nan.

"Kwana ɗaya ne, Umma, ku yi haƙuri."

Umma ba ta farka ba. Ramlat ta farka tana durƙusa wa kusurwa, tana "sannu da hutawa, maigida", haka har ta bi surukarta. Otal ya watse. Musbahu ya koma Ras Al Khor, tsofaffin tayoyi kawai ya tarar. Duk mai kwaɗayin da boka ya ce wa riƙe abinka, ya ƙirga mutanen gidansa.

Na same shi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga yana shimfiɗa kwali, yana gyara gefe-gefensa kamar zanen gado. Ba ya hawa, a ƙasa yake zama. Na tambaye shi ko bokan ya yaudare shi.

"A'a, Hajiya," ya ce. "Ya gaya mini. Ni na buɗe musu ƙofar."